Kafar da Na Toshe da Ƙaya

Lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar mace ce, haihuwata biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a hannu. Gidanmu yana bakin garin Lafiya ta hanyar Akurba, a shekarun da muka fara sabawa da kukan jirgin ƙasa. Maigidana fataucin gishiri yake yi, in ya bi ta Obi da jakunansa sai ya daɗe bai dawo ba, a bar ni daga ni sai 'yata da ba ta jima da fara tafiya ba. Ɗana na fari zazzaɓi ya ɗauke shi tun kafin yaye, kuma tun daga nan tsoro ya shiga jikina ya zauna. Ga shi na tashi ina jin mahaifiyata tana ba da labarin yadda aka kama ta a bakin rafi tana yarinya, zamanin hare-hare, ba ta ƙara ganin iyayenta ba. To ga jirgi ya cika gari da baƙin fuska. Duk wanda ya dubi 'yata sau biyu sai gabana ya faɗi. A gafarce ni in rubutun bai yi kyau ba, ɗan bokon da na iya wurin ƙanen maigida na tsinta.

Gidanmu katangar ƙasa ce ta kewaye shi, ban da ɓangare guda da ke da dangar zana, tsakaninmu da wata tsohuwa Bagwandariya da kowa ke kira Iya. A jikin dangar akwai 'yar kafa da mutum zai duƙa ya wuce. Haka gidajen unguwarmu suke, tun kafin a kawo ni. Ta nan mata ke miƙa wa juna gishiri da daddawa, ta nan ake leƙa mara lafiya, ta nan kuma ake ɗiban wuta, don ashana sai gidan masu hali. Iya makitsiya ce, da yatsunta take ci, ba ta da ɗa ba ta da jika a kusa. Kullum da safe zan duƙa da guntun fasasshiyar tukunya a hannu, ta zuba mini garwashi tana tsokanata. Kaza mai ɗan tsako ɗaya take ce mini, wai ko ganye ne ya faɗo sai in ce shaho ne. 'Yata kuwa uwar ɗakina take kiranta, kuma yaro take ce mata ko yarinya, duk wanda ya zo bakinta, irin Hausarsu.

Wata rana ina tankaɗe na waiga ban ga yarinyar ba. Na duba ɗaki, na duba bayan rumbu, na leƙa randa, ina kiran sunanta kamar mahaukaciya. Ashe ta bi ta kafa. Na same ta a cinyar wata mata da ban taɓa gani ba, wadda ta zo kitso daga wajen tashar jirgi, tana ba ta rake. Na fizge ta ban ko yi sallama ba. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in kwantar da hankalina, wa zai saci uwar ɗakinta da wannan cin nata, ai ɓarawon da kansa zai dawo da ita ya haɗa da ban haƙuri. Matan suka kwashe da dariya. Ni kuwa abin ya yi mini zafi. Washegari na shiga jeji na saro sarƙaƙiya, na yi ta jawowa har hannuwana suka yi jini, na cusa a kafar, na jera sauran a gindin dangar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Iya tana daga can ɓangarenta tana jin motsina. Ta tambaye ni, 'yar nan, kura ce ta shigo ko ni ce kurar. Na ci gaba da jera ƙayata. Da maigida ya dawo na matsa masa sai da ya sayo mini kwaɗo a kanti na ƙofar zaure. Ya ce bai ga dalili ba, amma da na soma kuka ina ambaton ɗan da muka rasa sai ya ba da kai.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wuta. Da na toshe kafa, ba ni da inda zan ɗiba sai in zagaya ta ƙofar gida in yi wa Iya sallama, kunya da girman kai kuma suka hana ni. Sau ɗaya ta ɗaga murya ta kan danga ta ce ga garwashi in ina so, na ce na gode ina da shi. Sai na koma ajiye wutata da kaina. In na gama girki sai in tura ƙaton guntun icce cikin murhu in rufe da toka, ya yi ta ci a hankali har lokacin wani girkin. Murhun kuwa a ƙarƙashin rumfar zana yake, jikin ɗakin da muke kwana. Na san duk macen kirki tana kashe wutarta kafin ta fita. Na sani sarai. Amma da aka kwana biyu ba abin da ya faru, sai na ɗauka dabara ce na yi.

Ranar da abin ya faru bazara ce, rana tsaka, maza duk suna sharar gona. Ruwa ya ƙare, yarinya kuma ta yi barci. Na ga in na goya ta cikin wannan rana za ta wahala, a da kuwa Iya nake miƙa wa ita ta kafa. Sai na ja ƙyauren ɗaki na ɗaure da igiyar rama daga waje don kada ta farka ta fito, na danna kwaɗo a zaure, na ƙulle mabuɗin a bakin zanena, na ɗauki tulu. Har ina jin daɗi a raina cewa yau ko ƙuda ba zai kai gare ta ba. Ina rafi na ga guguwa ta taso ta bi ta kan unguwarmu tana juya ganye. Ban kawo komai a raina ba. Sai da na ɗora tulu na hau tudu na ga hayaƙi, baƙi, daidai itacen tsamiyar da ke bayan gidanmu. Ban san inda na yar da tulun ba.

Na iso na tarar da mata cirko-cirko a ƙofar zaure, wasu na dukan kwaɗon da dutse, wasu na salati. Na kasa kwance mabuɗin, sai da wata ta yage bakin zanen da haƙori. Da muka shiga jinkar ɗaki ta riga ta rufta. A tsakar gida kuwa ga Iya zaune a ƙasa, zanenta a yayyage, fuskarta da ƙirjinta duk ƙaya da jini, 'yata na kwance a cinyarta tana tsala kuka. Daga baya matan da ke gidanta suka faɗa mini yadda aka yi. Ita ta fara jin kukan yarinyar. Ta nufi kafa ta tarar da ƙayata, ta nemi abin sara ba ta samu ba, sai ta rufe ido ta kutsa da jikinta. Ta kai ƙofar ɗaki igiya ta ƙi kwantuwa, don ƙulli uku na yi mata, ƙyauren kuma ya riga ya kama. Da hannuwanta ta ɓalle shi yana ci.

'Yata ta tsira da tabo a kafaɗa. Hannuwan Iya kuwa, duk da man kaɗanya da maganin wanzami, da suka warke yatsun sun ƙanƙance sun manne, ko tsinken kitso ba ta iya riƙewa. Maigida da ya dawo ya tsaya ya dubi toka, ya dubi ƙayar, bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ɗauki gatari ya share dangar nan gaba ɗaya, ya jefa kwaɗon cikin rumbu. Na je wurin Iya na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ta ce in tashi, kaza, in daina jiƙa mata tabarma. Wai abu guda ne ya ɓata mata rai, da ta san zan saro sarƙaƙiya da ta nuna mini wadda ba ta da ƙugiya. Ta faɗa ne don in yi dariya, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ni nake mata girki, ni nake mata wanka, ni nake ɗaura mata zane. Mata sun koma wurin wata makitsiya a cikin gari. Wani lokaci in ina taje kan 'yata sai in ga Iya ta zuba ido, yatsun nan nata suna motsi a cinya, sai in rasa inda zan sa fuskata. Ba abin da zan yi ya biya ta.

Abin da na koya shi ne, na yi ta tsare gidana daga mutane, ban tsare shi daga wutar da na ajiye da hannuna ba, kuma mutanen da na tsare wa hanya su ne masu ceto. 'Yan'uwana mata, ina roƙonku don Allah, kada ku fita ku bar wuta a murhu ko da toka ta rufe ta. Kada ku ɗaure ƙofa a kan yaro, ko barci yake. In tsoro ya dame ku ku faɗa wa maƙwabciya, ko za ta yi muku dariya. Kuma kowace irin ƙofa za ku rufe, ku bar hanya ɗaya da wanda ya ji kukan ɗanku zai shigo. Ni ban bari ba, sai da tsohuwa ta buɗe ta da jikinta.