Motar Da Ba Ta Sallama

Har in bar tuƙi ba zan manta da ranar da na fara kai motar lantarki garin Augie ba, bara da kakar albasa. Kafin ita, wata tsohuwar roka nake ja, muna kiranta Tsawa. Salansarta ta fashe tun ina da gashi a ka. In na tayar da ita a Birnin Kebbi, kifin Argungu sai ya nutse.

Da kamfaninmu ya kawo ta lantarki don gwaji, manaja ya ce, "Ɗanjuma, cajinta zai kai ka ya dawo da kai. Amma tirelar da ke kai albasa Kudu za ta tashi bayan la'asar. In albasa ba ta iso ba, makulli ya koma hannun wani."

Na kama hanya, ba gas, ba hayaƙi, ba ƙara. Har numfashina nake ji. Na isa inda muke lodi da hantsi, ban tarar da ko buhu ɗaya ba, sai dillalinmu Malam Garba yana gyangyaɗi a gindin darbejiya. Na tsaya dab da ƙafarsa, bai motsa ba, sai da na yi sallama.

Ya zabura. "Subhanallahi! Kai da mi ka zo? Turo ta ka yi?"

"Ina kaya, Malam?"

"Suna rumbu mana. Ai ba mu ji ka ba."

Ashe shekara da shekaru manoman nan ba sa fito da albasa rana ta buge ta, sai sun jiyo rurin Tsawa daga nesa, sannan a ɗaura wa shanu amalanke. Na danna hon, ya yi wani siririn kuka kamar ɗan tsako. Malam Garba ya yi dariya har da riƙe ciki.

Can sai ga wani ɗan kabu-kabu a kan babur marar salansa. Na tare shi, na ce, "Don Allah zagaya gonakin nan, ka murɗa shi iya ƙarfinka!" Kafin azahar amalanke sun yi layi. Wani tsoho yana cewa, "Yau muryar Tsawa ta shaƙe, mura ta kama ta?"

Na iso Birnin Kebbi direban tirela yana alwalar la'asar, cajina ko rabi bai ci ba. Makulli yana aljihuna har yau.

To ku ƙananan direbobi, ku riƙe wannan: motar lantarki tana ɗaukar kaya sarai, amma ba ta sallama. Kafin ka shiga gari da ita, ka san da me mutanensa suke gane ka iso.