Kwanon Magen Yayata

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, Yaya ta baro Karakkai ta dawo gidana a Sabon Garin Gusau. Ita ce babbarmu, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba. Da ƙullin kaya ɗaya ta iso, sai wata farar mage a cikin kwando, wadda take kira mussa. Awaki da kaji duk an watsar. Magen nan ce kaɗai abin da ya rage mata na gidanta, da ita take hira, da ita take cin abinci. Na san in ta mutu, Yaya ba za ta ƙara ko sati a gidana ba, komawa za ta yi, ko me zai same ta a can.

Bayan wata biyar magen ta fara ramewa. Ci kamar gara, shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga zawo mai maiƙo, ga tururuwa na bin inda ta yi fitsari. Na saka ta a kwali na ɗaure a bayan babur, maƙwabta na yi mini dariya, wai malamin makaranta ya yi ritaya ya koma jinyar mage.

Likitan dabbobi ya ɗebi jininta ya ce ciwon suga ne. Ya ƙara da cewa gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci a cikinta ita ma ta gaza, shi ya sa abin da ta ci yake wucewa a banza. Ya ba ni allurar insulin safe da yamma, da wani gari mai warin danƙo da za a riƙa cuɗa mata a dafaffen kifi. Ya ja mini kunne: garin ba maganin suga ba ne, narkewar abinci kawai yake taimaka wa. Ban da koko, ban da fura. Kuma kada a kuskura a yi mata allura in ba ta ci ba.

Haka rayuwata ta koma. In babu wuta, in ƙulle kwalbar allura a leda in rataya ta cikin randa don kada zafi ya lalata maganin. In cuɗa kifi da gari, in ajiye mata a ƙofar ɗakin Yaya, in je in dawo in tarar da kwano wayam, sannan in kama fatar wuyanta in soka. Bayan hannuna duk ya zama zane-zanen farce. Ban taɓa son mage ba, kuma ban fara a lokacin ba. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya cirewa.

Duk bayan sati biyu muna komawa awo, kullum suga na sama. Likita ya ce mai yiwuwa garin ya fara aiki ne, abinci na shiga jikinta sosai, sai ya ƙara yawan allurar. Muka koma, ya sake ƙarawa.

Ranar azumi na biyu na tarar da kwano wayam kamar kullum, na yi mata allura, na kishingiɗa a zaure. Wajen hantsi na ji Yaya na salati. Magen na kwance a gindin randa, ƙafafunta na karkarwa, idanunta a kafe.

"Mi ka yi mata?" in ji Yaya.

"Abin da nake yi kullum. Ta cinye kifinta, na yi mata allura."

Yaya ta ce, "Ba ta ci ba. Ta yi wata guda ba ta taɓa kifin ga ba, warin garin ta ka ƙi. Ni ka zubar da shi bayan gida, in ba ta kokona."

"Koko, Yaya? Da suga?"

"To in ƙyale ta da yunwa tana kallo na? Alhakin mussa ba ni ɗaukar shi, ko likitan wa ya hana."

Nan na gane komai. Kokon ne yake ta da sugan, shi ya sa aka yi ta ƙara allura. Da azumi ya kama babu kokon safe, amma Yaya ta zubar da kifin yadda ta saba, don kada in yi faɗa. Na zuba wa mage allura mai ƙarfi a kan cikin da babu komai, sugan jininta ya faɗi ƙasa warwas.

Likita ya taɓa faɗa mini abin yi. Na ɗauko zuma na shafa mata a dasashi, bakina kuma bai daina faɗa ba. Na faɗa wa Yaya maganganun da ƙane ba ya faɗa wa yayarsa, da bakin azumi. Na ce wata huɗu ina wahala ana yi mini zagon ƙasa a cikin gidana. Na saka magen a kwali muka nufi asibiti.

Magen ta ɗago kai kafin mu isa asibiti. Likita ya rage allurar, ya ce a fara garin da ɗan kaɗan a cikin hanta har ta saba da warinsa. Ta rayu.

Da yamma na ɗauko sirinji, sai Yaya ta miƙo hannu. Idanunta ba sa ganin kafar allurar ɗinki ma, balle ƙananan layukan jikin sirinji.

"Gwada mani yadda a ka yi," ta ce.

"Bari kawai, Yaya. Zan yi."

"A'a, gwada mani. Ka gaji da mu, ni da ita. Na ji shi ga muryarka."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, sai na tuna ina azumi. Na zauna kusa da ita na fara nuna mata layin da ake tsayawa.