Na Rasa 'Yata a Madubi a Hawan Mambila

Jiya da dare na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa yau. Kuma tun kafin in fara, duk mai shirin ce min tuwo na cika wa cikina, ya riƙe maganarsa. Ruwan shayi kaɗai na sha na kwanta.

Bari in gaya muku abin da ke ƙasa don ku gane. Muna da ƙungiya ta masu son tsofaffin motoci a nan Jalingo, ni kaɗai ce mace mai tuƙi a cikinsu. Asabar ɗin nan za mu hau Mambila, mu kwana a Gembu, mu sauko Lahadi. 'Yata ta fari ta samu lasin bana, ta ce ita ma za ta, kuma da motarta, ba zaman gefena ba. Babanta ya zame, ya ce ta tambaye ni. Na ce mata zan ba ta amsa yau da yamma. Dokar ayarinmu guda ce: kowa ya riƙe na bayansa a madubi. In ka duba ba ka gan shi ba, ka tsaya, na gabanka ma zai rasa ka ya tsaya, har abin ya kai ga jagora. In ta je, ita ce a bayana.

To, a mafarkin sai ga mu mun wuce Mayo Selbe mun kama hawa. Gari ya waye tas, duwatsun nan kore shar kamar an shimfiɗa musu darduma. Alhaji Ɗanjuma, jagoranmu, yana can gaba yana danna ham a kowace kwana. Ina duba madubi ina ganin 'yar farar motarta, ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta miƙe wuya kamar mai leƙen katanga. Na ce a raina, ji ta, ko giya ba ta sauke ba.

Sai kawai gajimare ya sauko ya kwanta a kan titi. Na shiga, na fito. Na duba madubi, babu ita. Titi ne kawai, da wata jar saniya mai dogayen ƙahoni tana tsaye tana kallona.

Na taka birki. Birkin ya nutse har ƙasa kamar na taka ɗanyen kwaɓi, mota kuwa tafiyarta take yi. Na ja birkin hannu, ya fito a hannuna, ashe muciya ce. Na leƙa ta taga ina ihu.

"Alhaji! Alhaji Ɗanjuma! Kai da ka kafa dokar, duba madubinka mana!"

Bai waiwayo ba. Sai hannunsa ya fito ta taga yana ɓare gyaɗa yana zubar da ɓawo.

Ga alluna a bakin hanya, manya-manya, da jan fenti. Na san gargaɗi ne. Amma na kalle su, baƙaƙen suna ta yawo kamar tururuwa, ko ɗaya ban gane ba. Ni da na zauna a benci ɗaya da sa'o'in ƙannena, da furfurata, sai da na iya karatu, wai ga ni na koma gidan jiya. Wannan ya fi birkin ƙona min rai.

Sai kawai na ga ganye a kan kwalta, reshe-reshe, an jera su kamar yadda direbobi ke yi in mota ta lalace a gaba. Amma ganyen shayi ne, ɗanye, har da raɓa a jikinsa. Ina bi, ganyen yana ƙaruwa. Motar ta tsaya da kanta a wata kwana, dama dutse, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa.

Ga motar yarinyar nan a gabana. A gabana, ba a bayana ba, ban san ta ina ta wuce ni ba. Ƙofa a buɗe, inji yana aiki. An sa dutse a bayan kowace taya, daidai yadda na koya mata. Mayafinta yana kan kujera, an ninke shi tsaf. Ita babu.

Na fito ba takalmi. Kwaltar sanyi ƙarara. Na kama kira.

"Ke! Ke yarinyar nan! Wallahi in wasa kike yi sai kin gane kurenki!"

Kun dai san yadda muke da 'yar fari. Tun da na haife ta ban taɓa kama sunanta ba, ko a gabanta ko a bayan idonta. Ina ta "ke, ke", ramin yana dawo min da "ke, ke". Wata tsohuwa ta zo wucewa da ƙwaryar nono a ka, ban san ta ba, ba ta ko dube ni ba ta ce, "A nan kowa 'ke' ne, Hajiya." Ta shige cikin gajimare.

Sai na buɗe baki na kira sunan. Da ƙarfi, har maƙogwarona ya yi zafi. Ba zan rubuta shi a nan ba, kada ma wata ta tambaye ni.

Ta amsa. Daga sama ta amsa. Na ɗaga kai, ga ta can ƙololuwa, kwanar titi biyu ko uku sama da ni, a cikin motar da nake gani yanzu-yanzu a gabana. Ta leƙo, ba kuka, ba dariya.

"Umma, ki matsa. Kin tare hanya."

Na juya. Ashe duk ayarin yana bayana, har da Alhaji Ɗanjuma, har da manyan motocin dankali, layi har ƙasan dutse, kowa ya kunna fitila da rana tsaka. Ba mai yin ham. Suna dai kallona. Motata ta gicciye a tsakiyar titi, ina laluben makulli a jikina, babu. Na sake ɗaga kai in ce mata ta jira ni, sai na ga tayarta ta baya tana kan gaɓar ramin, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashinta, ita kuwa ba ta sani ba, ni take kallo.

A nan na farka, ana kiran asuba, hannuna ya damƙe gefen katifa har farcena ya karye.

Na yi addu'a, na yi tofi ta hagu, na ba da sadaka, kada wani ya koya min wannan. Abin da nake tambaya daban ne. Nuna min aka yi in hana ta, ko nuna min aka yi ni ce na gicciye mata? Tayar nan da na gani a bakin rami, don ta hau ne, ko don ta tsaya kallona ne? Yanzu haka tana tsakar gida ta buɗe gaban motarta tana duba baƙin mai, tana satar kallon ƙofata. Masu sani, don Allah, in ta shigo da yamma me zan ce mata?