Akwatin Famfon Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana noman albasa a fadama kusa da Dole Kaina. Ni na haɗa masa ɗan akwatin da ke kunna famfonsa mai aiki da hasken rana idan ya aika saƙon waya. Na kuma cika baki a gaban mutane cewa ya gama da injin fetur.

Sai akwatin ya fara suma. Famfo ya tsaya ba wanda ya sani, albasa ta kwanta.

"Ke ɗiyata," in ji Kawu, "wanga akwati naki ya ishe ni. In ya ƙara mutuwa, tumɓuke shi zan yi."

Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa ce. Na ɗauko kwamfuta daga Bagudo, na zauna gindin mangwaro, na jona ta da akwatin.

A cikin manhaja, duk aikin da ya kira wani yakan ajiye adireshin da za a komo, ɗaya bisa ɗaya. Idan abu ya lalace, dibaga, wato manhajar bin sawun kuskure, takan bi adiresoshin da baya har inda matsalar ta faro. Tawa ta jero min sunaye rututu, har da aikin da ban taɓa kira ba. Na yi ta gyaran wuraren da lafiyarsu ƙalau, akwati na ci gaba da suma.

Da na gane ƙarya take shara min, sai na kafa mata doka. Duk adireshin da ba ya cikin manhajata, ta ƙi shi. Duk matakin da bai hau sama da na bayansa ba, ta tsaya nan ta ce ba ta sani ba. Dogon jerin nan ya koma mataki biyu, na ƙarshe a wurin karɓar saƙo.

Na leƙa inda adireshin gaskiya ya kamata ya kasance, na tarar da Faransanci. Ashe idan sabis ɗinmu ya yi rauni, layin akwatin sai ya kama na ƙasar Benin da ke tsallaken iyaka, su kuwa su aiko doguwar barka da zuwa. Ɗan gurbin da na tanada na "kunna" da "kashe" ne, sai gaisuwar ta malala ta shafe hanyar komowa. Na yi dariya, haushi kuma na cina.

Na sa akwatin ya datse duk saƙon da ya wuce kima, na ƙi tafiya gida sai da Benin ta sake gaishe mu. Akwati bai suma ba, ruwa bai ko girgiza ba.

Albasar da ke kwamin bakin gona ta riga ta ƙone, kuma Kawu bai ce na gode ba. Da maƙwabcinsa ya zo aron tsohon injin fetur, wanda yake ajiye kusa don gudun halin akwatina, sai na ji ya ce, "Ɗauka, ba sai ka maido da wuri ba."