Ruhewar Malam Dawuda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, ina tsakiyar darasi a Kankia aka kira ni cewa Allah Ya yi wa Malam Dawuda rasuwa a ƙauyenmu da ke gefen Dudunni, bayan gajeriyar jinya. Na dubi allin da ke hannuna, na kasa ƙarasa jimlar da na fara.

Malam, ba ka da takardar malanta, firamare kawai ka gama ka koma gona. Amma ƙauyenmu ba makaranta, wadda ke kusa kuma akwai rafi tsakani, da damina ba uwar da za ta bar ɗanta ya ƙetare. Sai ka dubi ruhewarka, rumbun ƙasan nan da ke bakin gidanka, ka mai da bangonta allo, gawayin murhun matarka Inna Luba ya zama alli. Da hantsi, in mun taso daga karatun allo, nan muke zubewa. Mutane suka yi ta zolaya suna kiran ka Hedimastan Ruhewa, kai kuwa ka amsa sunan da faɗin fuska.

Da gyaɗa ka koya mana lissafi, shi ya sa duk muka fi ƙwarewa a ɗebewa. Karatu kuwa daga abin da ya faru a ranar kake ɗauko shi. Ba na manta safiyar da muka haɗa baki muna rera "Lu-ba ta ƙo-na tu-wo", Inna Luba ta fito da muciya, kai ne gaba wajen gudu.

Ni kaina da guminka ka saye ni. Mahaifina ya ce ba zai sake ni ba, wa zai taya shi noman wake? Ba ka yi masa wa'azi ba. Washegari ya tarar da kai a gonarsa da hauya, ka ce ka zo biyan rabon Safiyya. Kunya ta sa ya sallame ni, yau ga shi ina koyar da 'ya'yan wasu.

Doka ɗaya gare ka, wadda ka aro daga makarantar allo: ba a wanke rubutu sai an iya shi. Sai dai kai ka ƙara da cewa ba a goge bango sai na baya duka ya karanta, kuma shi za a miƙa wa tsumma. Mu masu rawar kai mukan ƙosa, har mu yi ta hararar na bayan. Sai ka ce, "Mi kuke ma sauri? Garke da gurguwa yaka isa gida." Da haka masu kai suka koyi zama su koya wa 'yan uwansu, don dai a samu sabon darasi.

Da na je gaisuwa, na tarar da magana ta tsaya a kan ruhewar. Bangonta ya tsage, hadari ya fara haɗuwa a gabas, geron da iyalinka za su ci har kaka kuma yana ciki. Ƙaninka Auwalu ya kwaɓa ƙasa zai yi yaɓe, Inna Luba ta ce atafau, rubutunka na ƙarshe na jiki, ba mai shafe mata hannunka. Ita ba ta iya karatu ba, kuma saboda nauyin takaba ba wanda ya iya faɗa mata abin da ke rubuce.

Na tambayi yaran wa ya rage bai karanta ba. Suka nuna Ummu, ƙaramarsu. Ta matso ta ɗora yatsa a bango, tana tuntuɓe tana komowa, har ta haɗa: "Luba, ruwa ya kusa. A yi yaɓe."

Dariya da kuka suka zo wa Inna Luba tare. Ta ce, "Ku ji min mutum! Ya tahi ma bai bar sa ni aiki ba." Da hannunta ta jiƙa tsumma ta ba Ummu. Da yaɓen ya bushe, ta aika wa Zulkifli, tsohon ɗalibinka, da gawayi cikin ƙwarya, ta ce yara na jira.

Malam, mun yi rashi, kuma zuciyata ta karaya fiye da yadda zan iya rubutawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Luba, da Baba Auwalu, da 'ya'yanka, da duk wanda ya taɓa baƙanta yatsa a bangon nan. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane harafi ya zame maka sadaka mai gudana. Yadda ba ka taɓa barin na baya ba, Allah kada Ya bar ka a baya ranar tsayuwa. Amin.

Safiyya Abdurrahim, Kankia