Giɓi na Goma a Bakin Ramatu

Ramatu ta Dumega shekararta sittin da wani abu, mijinta ya rasu, kuma ita ce babba a gidan. Ta haihu sau goma. Kowace haihuwa ta tafi mata da haƙori ɗaya, kuma ta san mai kowane giɓi. Daga ta bakwai bayanta ya fara lanƙwashewa. Yanzu in ta miƙe jiri yake ɗibarta, in ta yi tari sai ta canza zane. Ta daina zuwa rijiya.

A ranin 1953 wani lokotoro anasara, wato likita, ya zo daga Dogon Dutsi da kwalaben maganin ƙarin jini. Ba su da yawa, sai ya ce na matan da suka haihu goma ne ko fiye. Ɗanta na fari, Issa, wanda gemunsa ya yi furfura, ya kawo ta bisa jaki.

Habu tafinta ya ce, “Inna, lokotoro yana tambaya, haihuwarki nawa?”

“Ana ƙirga mutane kamar awaki? Ya duba nan.” Ta buɗe baki.

Habu ya bayyana masa yadda abin yake. Lokotoro ya leƙa, ya ƙirga giɓi tara. Akwai na goma can gefen hagu, amma ta danne shi da harshe. Na Issa ne, ita kuwa kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba, balle ta nuna giɓinsa a gaban baƙo.

“Inna, janye harshen mana, saura ɗaya ki samu kwalba.”

“Wannan ba nawa ba ne.”

“A bakinki fa yake!”

“Na wani baƙo ne da ya sauka gidanmu shekara arba'in da biyar da suka wuce. Har yau bai tafi ba.”

Habu ya waiwayi Issa. “Malam, kai ɗanta ne?”

Issa ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai jaki ya jawo.

Habu mutum ne mai gaskiya a aikinsa, ya fassara kalma da kalma. Lokotoro ya rubuta 'ya'ya tara da baƙo ɗaya, ya miƙa kwalbar ga matar da ke bayanta. Ya ce zai dawo baɗi.

A hanyar gida Issa yana gefenta riƙe da jaki. Sau biyu jiri ya kwashe ta, baƙon yana tare ta.

Tun daga nan take tunani. Haihuwa ta wuce ta, harshe kuma ba za ta janye ba. Amma akwai wani haƙorin turmi na ƙasa da ya soma girgiza. Ranar Laraba da ta wuce ta aika aka kira wanzami ya cire shi. Ta kurkure baki da ruwan gishiri, ta sa jikarta ta leƙa ta ƙirga, harshen yana inda yake. Goma cif.