Kwalaben da Ruwa Ya Bari

A gefen kasuwar Yelwa wani dattijo na zaune da koɗaɗɗiyar riga, gabansa tsoffin kwalaben giyar Turawa, masu rubutun da ya taso a jikin gilashi. Da babban yatsa yake bin haruffan, ba ya iya karanta su. An ce idan ruwan tafkin Kainji ya janye yake tono kwalaben inda unguwarsu ta nutse. Da gani, yunwa ce ta fito da su kasuwa.

Wata mai gyaɗa ta ɗaga ɗaya. "Baba, sayar mini in zuba gyaɗa."

"Wagga a ƙofar gidanmu na tsince ta, ɗiyata."

"Ina gidan yake?"

Ya miƙa hannu wajen tafkin. Yatsansa na yawo bisa ruwa, ya rasa inda zai tsaya.